Masu Shara Su Ne Na Gyara

Tarin Dinatu ne yake tashina tun kafin zakara ya yi cara. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata a gidan hayarmu na Samaru, bangon kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Za ta yi tari, ta yi tari, har in dafe nawa ƙirjin, sannan in ji ƙarar tsintsiya a tsakar gida, shuu, shuu, daga bakin famfo zuwa gindin mangwaro. Sai ta gama share wa ƙanenta gida kafin ta kama hanyar Sabon Gari ta je ta share wa hukuma kasuwa.

Ni ce Remi, a gidan ana ce mini Maman Tomiwa. Tela ce ni, kekena yana zaure, don haka ba mai shiga ko fita ban gan shi ba. Abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba, a gabana aka yi shi, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Dinatu tana share layin masu awo, inda ake sayar da masara da gero da wake. Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce, amma ta wucin gadi: ba ta da katin asibiti irin na ma'aikata, ba hutu, ba fansho, ranar da ba ta zo ba kuma a sa wata. A cikin wannan wucin gadin ta yi furfura. In sun gama shara sai su tara bola su cinna mata wuta, leda da roba da komai, su tsaya a kai har ta cinye. Hayaƙin nan ne ya zauna mata a ƙirji.

Ƙanenta Martin kuwa shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙaramar hukumar. Kwamared Martin! In ya kama magana a bakin sakatariya har 'yan acaɓa sai sun kashe mashin sun saurara. Shi da matarsa Ify da ɗansu Eric suna da ɗaki biyu da falo a gidan, Dinatu tana wani ɗan ɗaki kusa da kicin wanda a da gawayi ake zubawa. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, Martin ne kaɗai nata a duniya. Duk girman da ya yi, ba ta kiransa da komai sai Auta.

Wata damina ma'aikata suka yi yajin aiki har bola ta toshe hanya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kafa kwamitin sulhu, aka kawo wani tsohon alƙali ya zauna tsakanin ƙungiya da hukuma. Sharaɗin shi ne kowa ya koma bakin aiki har kwamiti ya gama zama. Buƙatun ƙungiya suna da yawa, ƙarin albashi, ƙarin girma, wannan da wancan, amma wadda Martin ya fi ɗaga murya a kanta ita ce a tabbatar da masu shara a aiki, a ba su katin asibiti kamar kowa. Katin nan kaɗai Dinatu take jira.

Wata safiya na tare shi a zaure yana goge takalmi.

"Baban Eric, tarin Yayarka ya wuce na mura. Ka kai ta asibitin Shika a duba ta."

Ya yi mini murmushin da yake yi wa 'yan jarida. "Maman Tomiwa, ai don ita nake wannan fafutukar. Yanzu in na kai ta, likita zai rubuta mata hutu. Mai wucin gadi in ta yi hutu an cire ta ke nan, ranar da za a tabbatar da su babu ita. Ki bari a gama zama, da katinta za ta shiga Shika, kanta a ɗage."

"Yaushe za a gama?"

"Kwana nawa ne!" in ji shi, ya hura ƙura daga takalmin ya fice.

Da yamma 'yan ƙungiya kan taru a gindin mangwaro, Dinatu ce take kai musu shayi bayan ta dawo daga kasuwa ta gama wanke-wanke. Ran nan ina zaure ina ɗinki, ina jin Martin yana koya wa sakatarensa Raphael yadda ake zaman sulhu.

"Ciniki ne, Raphael, ba wa'azi ba. Ba ka shiga da buƙata ɗaya. Ka cika faifai. Ka san wadda za ka riƙe ko sama za ta faɗo, ka san wadda za ka yi ta ihu a kanta don hankalinsu ya tafi can. Kada ka fara sassautawa, kada ka nuna kana sauri. In sun matsa, ka tattara takardunka ka fice, su za su biyo ka."

"To masu shara fa, Kwamared? An ce hukuma ta rantse ba za ta tabbatar da su ba."

"Masu shara a bar su sai ƙarshe. Su ne na gyara."

Dinatu tana tsaye a bayansu da tire. Ta ajiye kofuna ta nufo zaure da sauri har tana tuntuɓe, idonta yana ƙyalli.

"Maman Tomiwa, kin ji Auta? Ya ce mu ne na gyara! A ƙarshe za a zo kanmu a gyara mana komai!"

Na ji, kuma ni ma haka na fahimta. Wa zai fahimci wani abu daban? Na tashi na rungume ta, sai na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna. Washegari ta kawo mini wata shuɗiyar atamfa mai zanen ganye, wadda ta daɗe a ƙasan akwati har ta ɗauki ƙanshin kafur.

"Ki ɗinka mini riga da zani. Auta ya ce zai kai ni gaban alƙali in ba da shaida. Ba zan ba shi kunya ba."

Na ajiye ɗinkin kowa na yi nata. Ranar zaman Dinatu ta fito tsaf, ta ɗaura ɗankwali, har da 'yar hoda. Matan gidan suka yi ta guɗa suna tsokanarta, wai alƙalin ne zai biyo ta gida. Martin ya fito da jakarsa, ya gan ta, fuskarsa ta canza.

"Yaya, biki za mu? Koma ki sa kayan aikinki."

"Auta, gaban manya fa za ni."

"Shi ya sa. In suka gan ki haka za su ce masu shara suna cikin daɗi. Rigar nan da wuta ta ci hannunta, ita za ki sa. Ki wanke hodar nan. Ki ɗauko tsintsiyarki ma."

Ta juya ta koma ɗaki. Da ta sake fitowa babu wanda ya yi guɗa. Na bi su, don na ga jiri yana ɗibarta.

Ɗakin zaman dogon tebur ne, alƙali a tsakiya, ƙungiya a dama, mutanen hukuma a hagu tare da lauyansu, Barista Amaechi, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Martin ya zaunar da Dinatu a kujerar gaba. Da aka zo kansa ya miƙe ya kama hannunta ya ɗaga sama, ya juya tafin don kowa ya ga faso.

"Ranka ya daɗe, ga ma'aikaciyar wucin gadi. Wucin gadi har furfura! Wannan hannun ne yake sa ku taka ƙasa mai tsabta."

Shaidar da aka ce za ta bayar ba ta ma buɗe baki ba. Fankar sama ta kaɗa mata, tari ya turnuƙe ta. Ta yi tari har ta durƙusa, tsintsiyar ta faɗi. Na yunƙura zan kai mata ruwa, Martin ya yi mini alama da hannu ta bayansa in dakata. Wallahi ya bar ta sai da ta gama don kanta.

Alƙali ya ajiye biro. "Mama, kin je asibiti kuwa?"

"Da wane kati, ranka ya daɗe?" Martin ya amsa kafin ta ɗago.

Aka yi ta surutu ƙasa-ƙasa, Barista Amaechi ya sunkuyar da kai, aka ɗage zama. A cikin motar ƙungiya Martin yana ta buga sitiyari don murna. "Kun ga fuskar lauyan nan? Yaya, yau kin yi mana aiki!" Ita kuwa ta rufe baki da tsumma, amma na ga tana murmushi. Auta ya yaba mata.

Daga nan sai ɗagewa. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe hukuma ta nemi lokaci, jibi Martin da kansa ya tattara takardu ya fice don dabara. Duk zaman da za a yi sai an tafi da ita an ajiye a kujerar gaba da rigarta mai ƙonannen hannu. Raphael har suna ya sa mata, wai babbar hujjarmu. Damina ta wuce, aka girbe masara, babbar hujja tana ta ƙarewa a tsaye.

Zani ya daina zama a ƙugunta. In ta share rabin tsakar gida sai ta jingina da mangwaro ta huta. Abinci cokali biyu ta ture. Wata rana na je shanya na ga tsummanta a igiya, an wanke amma jan jinin bai fita ba. Ify ta ware mata kofi da kwano, ta hana ta taɓa ɗansu Eric, amma ba ta hana ta wankin kayan Eric ba. Na yi mata magana, ta taɓe baki.

"Anti Dinatu ba ta iya zama haka nan ba. In ba ta motsa jiki ciwon ya fi tashi. Ni ban sa ta ba, ita take ɗauka."

Na je kemis ɗin Chuks na sayo mata maganin tari. Chuks ya ce wannan sauƙi kawai zai kawo, mai irin wannan tari hoton ƙirji take buƙata, kuma da gaggawa. Duk da haka ta samu barci, ni ma na samu. Ana gobe za a koma zama, kwalbar ta ɓace daga tagarta. Na nufi falo, Ify tana kallon fim.

"Maman Eric, ina maganin Dinatu?"

Ba ta ɗauke ido daga talabijin ba. "Baban Eric ya ce a ajiye sai an dawo daga zama."

Na koma zaure na zauna, ban taka keke ba har ya dawo. Yana sa ƙafa na miƙe na tare ƙofa.

"Ka ɗauke mata magani don ta yi tari a gaban alƙali?"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Haba, Baban Eric! Ba ka tsoron Allah?"

Ya duba waje, ya dubo ni, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro. "Ke ba ki san sulhu ba. Mutanen nan ba sa jin magana, sai abin da idonsu ya gani. Ma'aikata duka a wuyana suke, iyalansu suna jira. In ta shiga ɗakin nan garau, me zan nuna musu? Yini ɗaya ne kawai, ta dawo ta sha abinta."

"Yayarka ce fa, ba kwalin zanga-zanga ba."

"Gidana ne, Maman Tomiwa. Ki tsaya kan kekenki."

Ban tsaya ba. Da ya fita washegarin zaman, na kira mai keke-napep har ƙofar gida, na shiga ɗakinta na ce tashi mu tafi Shika, ko me za a yi a yi. Tana zaune a bakin tabarma tana mayar da numfashi. Ta riƙe hannuna da hannunta mai zafi.

"Auta ya ce saura kaɗan. In na tafi yanzu na zubar masa da aiki, na zubar wa sauran matan. Akwai waɗanda suka fi ni tari a layin nan. Mu ne na gyara, ba ki ji da kunnenki ba?"

Na yi faɗa, na yi kuka, ta ƙi tashi. Mai keke ya gaji ya tafi. Na kai ƙara wurin Faston cocinmu. Fasto ya zo, Martin ya shigar da shi falo, aka buɗe masa lemo, aka yi masa bayanin hutu da kati da ranar tabbatarwa. Ya fito ya tsaya a bakin ɗakin Dinatu daga nesa, ya yi addu'a mai tsawo, ya yaba haƙurinta, ya ce in bar iyali su tafiyar da sha'aninsu. Martin ya raka shi har bakin titi.

Ranar da aka sa hannu a yarjejeniya ba a tafi da ita ba, an ce ba a buƙata. Da azahar muka ji hon da waƙa tun daga bakin titi. Aka shigo da Martin a kafaɗa. An samu ƙarin albashi! An samu ƙarin girma! Ify ta ɗora dafa-duka, aka jera kujeru a tsakar gida. Dinatu ta lallaɓo zaure da shuɗiyar rigarta a hannu.

"Ki ɗan rage mini, ta yi mini yawa."

Na rage da allura, na sake ragewa. Ta sa, ta ɗaura ɗankwali, ta shafa hoda. Kai, ta yi kyau, irin kyan da yake ba mutum tsoro. Ta kutsa cikin mutane ta taɓa kafaɗar Martin.

"Auta, mu fa? Yaushe za a ba da katin?"

"Anjima, Yaya, kin ga baƙi. Taimaka wa Ify da rabo."

Ta ɗauki tire. Har Barista Amaechi ya zo taya murna, don an gama faɗa, kowa abokin kowa ne. Aka ba shi kujera kusa da Martin. Dinatu ta miƙa masa faranti, ya karɓa ya ce, "Na gode, Madam." Bai gane ta ba. Ina zai gane ta? Bai taɓa ganinta ba sai cikin tsumma. Ya kai cokali, ya juya ga 'yan ƙungiya yana dariya.

"Kai, Kwamared ɗinku ɗan kasuwa ne! Ya matse mu a kan albashi har muka ce wayyo. Kullum ya kawo mana tsohuwar nan mai tari, alƙali ya riƙa hararar mu. Da muka yarda da farashinsa, na ce, to Kwamared, mun saya da tsada, ba gyara? Ya ce ga masu shara nan, ku ba ɗan kwangilarku aikinsu. Ashe tun farko ya ware su!"

Wasu suka yi dariya. Raphael bai yi ba, ya zuba wa ƙasa ido. Dariyar ta riƙa mutuwa daga kujera zuwa kujera, har Barista ya lura ya waiga ya ga inda kowa yake kallo. Cokalin ya tsaya a hannunsa.

Dinatu ta sunkuya ta ajiye tiren a kan benci a hankali, ko ƙwayar shinkafa ba ta zube ba. Ta miƙe.

"Auta."

"Yaya, zan yi miki bayani. Ba a samun duka a zama ɗaya. Dole a ba da wani abu kafin a karɓi wani. Zagaye na gaba, na rantse miki, ku ne a farko."

"Gyaran nan kake nufi? Na kan mudu?"

Ya kau da kai.

"Na san shi," in ji ta. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma gidan ya yi shiru har ana jin tafasar tukunya. "Mai awo ta cika mudu, a gama ciniki, ta ɗebo da hannu ta ƙara a kai. Rabinsa ba ya shiga buhu. Ƙasa yake zubewa, a bi ta kai a tattake. Ni nake share shi kullum da safe."

Tari ya zo mata, ta danne, ta haɗiye shi. Yau kam ba ta yi musu ba.

"Da ka faɗa mini tun farko, Auta, da na sha maganina."

Ta wuce ɗakinta ta tura ƙofa. Ify ta ce a ƙara sautin kiɗa, aka ƙara. Barista ya ajiye farantinsa ya sulale. Sauran suka cinye abincinsu.

Washegari ba tari ne ya tashe ni ba, shiru ne. Babu tsintsiya, babu motsi. Na tura ƙofarta na same ta kwance da shuɗiyar rigar, tana numfashi sama-sama. Wannan karon ba ta ƙi ba, ba ta ma da ƙarfin ƙi. Ni da matan gidan muka ɗauke ta muka kai Shika. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya duba a haske, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo.

"Ina kuka ajiye ta duk wannan lokaci?"

Martin ya iso yana tsaye a bayana da leda cike da lemo da madara. Na matsa gefe don tambayar ta same shi. Ya buɗe baki, mutumin da 'yan acaɓa suke kashe mashin su saurara, ya rasa kalma ɗaya. Ba wanda ya tambaye mu kati kafin a duba ta. Ko sau ɗaya.

Ba ta ga Lahadi ba. Kafin ta cika, Martin ya zauna a gefen gadonta yana kiran Yaya, Yaya, ta juya fuska ga bango. Da shuɗiyar rigar aka binne ta, sai da na ƙara rage ta kafin a sa mata.

A wurin jana'iza ƙungiya ta zo da tuta da babban hotonta, wanda aka ɗauka a ɗakin sulhu tana riƙe da tsintsiya. Martin ya karɓi makirufo ya ce jaruma ta faɗi a fagen gwagwarmaya, ya ce wucin gadi ne ya kashe ta, ya ce jininta ba zai tafi a banza ba. Ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Mutane suka share hawaye suna cewa Allah ya ba Kwamared haƙuri. Ko a cikin akwatin gawa sai da ya sake ɗaga hannunta ya nuna wa jama'a. Na tashi na bar wurin kafin in faɗi abin da zai sa a fitar da ni.

Ɗan kwangila ya kawo samarinsa, aka sallami matan layin masu awo, da masu tari da marasa tari. An sake zaɓen Martin ba hamayya. Ɗakin Dinatu ya koma na gawayi. In ka tambayi kowa a gidan nan zai ce maka ajali ne, kuma Kwamared ya yi iya ƙoƙarinsa. Martin yana da hujja, Ify tana da hujja, Fasto yana da hujja, kowa ya wanke hannunsa tas. To ni ban yarda ba. Ba hayaƙin bola kaɗai ya ci Dinatu ba. An auna ta ne a gidansu, aka ga nawa tarinta zai sayo, aka hana ta warkewa har ciniki ya faɗa. Mai yi maka ihu a makirufo yana kiran talaka, kafin ka tafa masa ka bi shi gida ka leƙa ɗakin da ke kusa da kicin.

Har yanzu ina farkawa daidai lokacin nan, kafin zakara. In kasa kunne, sai in ji ta, shuu, shuu, daga bakin famfo zuwa gindin mangwaro, ta tsaya ta huta, ta ci gaba. Na ɗauka ni kaɗai ce, sai na ga Ify ta ƙona tsohuwar tsintsiyar ta sayo ta roba, kuma ba ta buɗe ƙofa sai rana ta fito sosai. Martin ya daina zama a gindin mangwaro, taronsu ya koma ofis. In ya zo wucewa ta zaure yakan ce, "Sannu da aiki, Maman Tomiwa." Ni kuwa in taka kekena.

Kwanaki na shiga Sabon Gari sayen wake. Mai awo ta cika mudu ta juye mini a buhu, muka gama, ta sa hannu ta ɗebo za ta ƙara. Ban san lokacin da na cafke hannunta ba. Ta tsorata, waken ya watse a ƙasa tsakanin ƙafafun mutane. Na durƙusa cikin kasuwa, ƙatuwar mace da ni, ina tsincewa ɗaya bayan ɗaya, ana ture ni, ana taka mini zani.

"Baiwar Allah, lafiya?" in ji mai awo. "Bar shi mana, gyara ne fa."

Na ce na sani. Na ci gaba da tsincewa.